Ruwan wankan jariri

A garin Bana, kusa da Gaya, sanyin asuba na watan Janairu ba wasa ba ne. Ruwan da ya kwana cikin tulu, ko hannu ba ka son sawa.

Cikin wannan sanyi aka yi wa wata yarinya ƴar aji biyar ƙane. Kaka ce ke yi masa wanka. Ran nan Kaka ta ce:

— Ƴar nan, sirka mini ruwa.

Yarinya ta ɗebo tafasasshen ruwa ƙwarya ɗaya ta zuba cikin daro, ta ƙara na tulu ƙwarya ɗaya. A ganinta sanyi ya kashe zafi ke nan. Kaka ta tsoma gwiwar hannu, ta janye da sauri.

— Wayyo! Dafa mini miji za ki yi? Ƙaro uku!

Abin ya tsaya wa yarinya a rai. Da ta je lakwal, ta tambayi malaminsu. Malam ya kawo ma'aunin zafi. Aka auna ruwan tulu: digiri 20. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100.

Malam ya ce sanyi ba ya kashe zafi. Zafi tafiya yake yi, daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi, har su daidaita. Abin da wannan ya rasa, shi wancan ya samu. Wani masani ɗan Iskotiland, Joseph Black, ya yi irin wannan awo wajen shekara ta 1760.

Suka hau lissafi a allo. Ƙwarya ɗaya da ɗaya: 100 da 20, 120 ke nan; a raba biyu, digiri 60. Wannan yana ƙone fatar babba ma, balle ta jariri. Ƙwarya ɗaya da huɗu: 100 da 80, 180, a raba biyar, digiri 36. Zafin jikin mutum kuwa wajen 37 ne. Ashe gwiwar hannun Kaka, wadda ba ta taɓa zama aji ba, ta riga alli isa wurin.

Suka sirka na gaske. Amma ma'auni ya nuna 34.

— Malam, ina digiri biyu suka shiga?

— Dubi tururin da ke tashi. Sa'an nan taɓa gindin daron.

Ta taɓa. Ƙarfen da ɗazu yake da sanyi ƙalau, yanzu ya yi ɗumi.