Ɗakina bisa taya huɗu, rezo bisa tudu

Wannan takarda a cikin mota na rubuta ta, da allon katako bisa gwiwa, domin tun shekara ta 2019 motar nan ita ce kantina, ita ce kuma ɗakin kwanana. Ni mutumin Gamu ne, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram. Na daɗe ina koyarwa a lakwal da kwantaragi, har ranar da na gaji da jiran ƙarshen wata, na haɗa ɗan abin da na tara da rancen wani kawuna na sayi tsohuwar Hiyas, na cire kujerun baya, na jera atamfa da shadda da takalman roba. Iyalina suna Gure, amma da wuya in kwana huɗu a gida cikin wata guda. Sauran kwanakin ina bin kasuwannin ƙauye tsakanin Gamu, Kelle, Gidigir da rugagen da ke arewa, ni da yaron motata, inda dare ya same mu nan ne masauki.

Mai yiwuwa ma'aikacin da ke zaune a biro a Yamai ko a Damagaram ya ce, mene ne haɗin mai tallan atamfa a daji da intanet? To, ga haɗin. Wanda nake sarin kaya wurinsa a kasuwar Dole yana aiko mini hotunan sabon zane ta WhatsApp, in nuna ma mata su zaɓa tun kaya ba su iso ba. Kuɗin ciniki kuma ba na son su kwana da ni a jeji, da na samu hali sai in tura su ta Nita ko Amana. Sai kuma canji. A farkon 2024, lokacin da naira take faɗuwa kusan kowace safiya, wani dillalin dabbobi ya sayi shadda turmi 6 a hannuna ya biya da naira, na karɓa bisa farashin da na sani tun kwana uku da suka wuce. Shi ya kwana inda akwai rezo, ni ban kwana ba. Da na isa wurin ƴan canji, ribar makon gaba ɗaya ta tafi, kuma ba ni da bakin cewa ya cuce ni, tun da ni na faɗi farashin da bakina.

Waɗanda suka manyanta suna tune da zuwan salula ƙasar nan. Celtel ta fara a 2001, ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta zama Moov. Orange ta shigo a 2008, aka sayar da ita a 2019 ta zama Zamani, Sonitel da Sahelcom kuma aka gama su a 2016 suka zama Niger Telecoms. Sunaye sun yi ta sakewa, amma hankalin kasuwa ɗaya ne, kuma ni ɗan kasuwa ba zan ga laifinsa ba: kowa yana kafa eriyarsa inda mutane suka taru, wato bakin gudro da manyan garuruwa. Daga Damagaram zuwa Gure, ka bi ta Mirya da Gidimuni da Gidigir, waya ba ta cika yin shiru ba. Gamu kuwa ba ta bisa gudro, kuma da zarar ka sauka kan rairayi ka rage iskar taya, sandunan rezo su ma sai su soma raguwa ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗauki lokaci kafin in gane cewa rezo kamar gani yake. Abin da ya tare ido, yakan tare shi. In ka sauka cikin kwari inda goriba take, ko dutsen Kutus ya shiga tsakaninka da eriya, ko da tazarar ba ta da yawa, sai ka ji tsit. Ka hau tudu na gaba, sai saƙonni su shigo kamar an buɗe garke. Saboda haka na sayi kaye irin na ƴan lakwal, na shiga rubuta kowane wuri da na samu sa'a: tudu kaza bayan rijiya, gindin aduwar da ke gabas da makabarta, da layin da ya kama, da harafin da ya fito a saman waya. In E ce, saƙon rubutu da gajeriyar murya za su wuce da haƙuri. In H ce ko 4G, a aika hoto. Rabin abin da ke cikin kayen nan daga bakin makiyaya na samo shi. Bafillace ko Buzu da ke bin raƙuma ya san reshen da ake rataya waya fiye da duk wani injiniya, kuma ba ya karɓar ko dala, sai dai ka caja mishi wayarsa.

Layuka uku nake riƙe da su na kamfani uku, yarona ya raɗa musu suna uwargida, ta tsakiya da amarya, wai don kowace da ranar girkinta kuma kowace da irin fushinta. Na kuma sayi ɗan akwatin wifi mai batir, muna saka shi cikin tsohuwar safa mu ɗaure a kan gora mai tsawon mita 5, mu ɗaga bisa rufin mota. Masu wucewa suna dariya, amma sau da yawa goran nan ya maida E ta zama H. Wuta kuwa daga fanon hasken rana take, wanda na ɗaure a rufi. Lokacin hunturu sai an share ƙura kullum, lokacin bazara kuma zafi yana kumbura batir in ka manta waya bisa gaban mota. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wayar da ke neman rezo inda babu shi ta fi kowace shan caji, gara a kashe ta har a isa wurin da aka sani.

Duk wannan dabara ce, kuma dabara ba ta fi ƙarfina ba. Abin da ya fi cin raina shi ne yadda ake sayar da forfe. Ana sayar da shi da mega, amma ana kashe shi da kwana. Ka sayi na yini, ko na mako, ko na wata, agogonsa yana tafiya ko kana cikin rezo ko ba ka ciki. Wanda ke zaune a birni yana sayen na wata a layi guda, wanda shi ne ya fi araha in an raba kuɗin bisa mega, ya cinye abinsa tsaf. Ni kuwa in na sayi na wata a wurin uwargida, sai hanya ta kai ni inda amarya kaɗai ke magana, dole in sake sayen na yini, wanda ya fi kowane tsada. Ranar kasuwa ma, da nake kusa da eriya, jama'a sun yi mata yawa, hoto guda sai ya yi ta juyawa har la'asar. Sai tsakar dare, kasuwa ta watse, hanya take buɗewa. Wani wata na zauna na yi lissafi irin na tsohon malamin lakwal: jika 14 na zuba a layukan nan uku, abin da na mora bai kai rabi ba, sauran ya mutu ina cikin kwari. Ashe mu da muka fi kowa ƙarancin rezo, mu muka fi kowa biyansa da tsada.

Wannan lissafi ne ya sa na fara tsumulmula, kuma ita ce ta kai ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A daminar 2022, cikin watan Ogusta, ruwa ya tsare mu a wata ƴar kasuwa arewa da Kelle. Wayata layi biyu take ɗauka, akwatin wifi kuma ya lalace a lokacin, saboda haka amarya tana cikin kwalin ashana, ba forfe a kanta. Na san sarai, domin yana rubuce cikin kaye, akwai wani tudu da bai fi tafiyar minti 20 a ƙasa ba inda take kamawa. Na ce a raina, dala 100 ce fa, kuma ba wani ciniki nake jira ba, bari sai mun fita. Lambar amarya kuwa ban taɓa ba kowa ita a gida ba, tun da don intanet kawai na saye ta. Kwana uku muka yi a wurin.

Ran na huɗu muka kama hanya, muna hawa wani tudu sai uwargida ta farka, saƙon murya 9 suka shigo a jere, 8 daga ƙanwata, na ƙarshe daga kawuna. Na ga sunansa a ƙasa, gabana ya faɗi, amma na tsaida mota na saurare su bi da bi daga sama, ban san dalili ba. Na farko, ƙanwata tana cewa: “Yaya, zazzaɓi ya rufe Inna tun jiya, in kana kusa ka biyo.” Na biyu, an kai ta likita a Gamu an sa mata ruwa. Na uku, an ce jininta ya yi ƙasa, sai a kai ta Gure. Daga na huɗu zuwa na bakwai magana ɗaya ce, neman mota: wadda aka saba samu ta tafi kasuwa, wata ta maƙale a laka, mai wata ya sa kuɗin da ba su da shi. “Yaya, don Allah ina ka shiga? Kai ne mai mota.” A na takwas ba ta ce kome ba, sai motsin mutane da kukan yaro. Kawu kuwa daƙiƙa 11 ya yi: “Ɗana, sai haƙuri. An kai ta ɗazu bayan azahar.”

Ban ce da na zo da ta tashi ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, Allah ya jiƙanta da rahama. Amma tsakanina da Gamu bai kai tafiyar rabin yini ba ko da laka, motar da suke nema ina kwance cikinta ina shan shayi, kuma abin da ya raba ni da saƙon nan dala 100 ce da tafiyar minti 20. Ba wanda ya taɓa faɗa mini magana a kan haka cikin dangi, ko ƙanwata, kuma shirun nasu ya fi mini zafi.

Tun daga nan na sake tsari. Kowa a gida yana da lambobin nan uku. Na ce musu in abu ya taso, a fara da saƙon rubutu na SMS a duka ukun kafin a yi murya, domin shi yana ratsawa ko da sanda guda ce, kuma ba ya neman forfe. A kowace kasuwa akwai mai cajin waya da na bar ma lambar gida, shi ma gida suna da tasa. Kuma kowace yamma, ko ana ruwa ko ana iska, sai ɗayanmu ya taka zuwa wurin da ke cikin kaye. Na hana waya sauke bidiyo da kanta, na fita daga rukunonin da ba a aiko kome sai wa'azin minti 40 da gardamar ƴan kokowa, da haka na rage abin da ke zuba a banza. Akwai dai abin da ya fi ƙarfin gora da kaye: kwana 10 da aka rufe intanet na salula bayan zaɓen Fabrairu na 2021, ko yanke wutar Najeriya a Ogusta na 2023, ko ƙarancin man fetur na Maris 2025 da ya sa na yi mako ban motsa ba.

Da ina da kunnen hukumar ARCEP mai kula da sadarwa, roƙo biyu zan yi. A fito da forfen da ba ya mutuwa sai an cinye shi, ko da za a ƙara mishi ɗan kuɗi. Kuma a daidaita kamfanoni, inda eriya guda ce tal a yanki, ta karɓi layin kowa, su raba kuɗin tsakaninsu. Malaman lakwal da ma'aikatan likita da aka tura daji sun san ba don ƴan kasuwa kaɗai nake wannan magana ba.

Yanzu kuma ga sabon abu. Gwamnati ta ba Starlink izini a ƙarshen 2024, ya fara aiki a Maris 2025. Wani faifai ne da ke kallon sama yana magana da taurarin ɗan adam da ke yawo bisa kanmu, ba ruwansa da tudu ko kwari. Na gan shi a Damagaram, inda samari suke sayar da tikitin wifi da shi, na kuma gwada, hoto ya tafi kafin in ɗauke yatsa. Sai dai inda na tambaya, kuɗin faifan kaɗai ya haura jika 200, ban da na wata-wata, wanda ya fi tsada ga mai yawo da shi a kan mai kafa shi wuri guda, ga shi da shan wuta, sai na ƙara fano da batir. Yarona ya dage in saya, wai ranar kasuwa mu sayar da tikiti dala 20-20, cikin wata shida ya biya kansa. Na san rabin dagewar don kallon ƙwallo ce, amma lissafinsa bai yi nisa da gaskiya ba. Mun yi magana da abokan tafiya biyu, mai sayar da maganin dabbobi da mai kwanoni, ko za mu haɗa kuɗi; gardamar da ta rage ita ce a motar wa zai kwana ranar da hanya ta raba mu.

Na fara ajiya cikin gwangwani, ta kai jika 70. Tayoyin baya kuma sun sule, kuma damina tana tafe, ɗaya daga cikin biyun ne zai samu kuɗin bana. Ban yanke ba tukuna. Takardar nan dai hotonta zan ɗauka shafi-shafi in aika ma jarida, ga yaro can ya riga ya hau rufi da gora, yana kira wai amarya ta kama.