Muryar Da Ta Ɓace Daga Rediyon Inna

Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara watsa shirye-shirye a 1979, wato ya girme ni, ya kuma girmi yawancinku da ke karanta wannan rubutu a waya. A gidanmu da ke ƙaramar hukumar Kebbe ba a ɗauke shi baƙo ba. Ƙarfe 6 na safe da shi ake hura wuta, ƙarfe 9 da rabi na dare da shi ake rufe ƙofa. Da shirye-shiryensa Inna take auna lokaci fiye da agogon bango.

Ranar 14 ga Maris 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a umarnin rage ayyukan hukumar da ke kula da gidan rediyon. Washegari aka ce wa ma'aikata sama da dubu su zauna a gida. Ana tsakiyar azumi ne a lokacin. Ina bakin aiki a Tambuwal Inna ta sa ƙanena ya kira ni. Ta ce, "'Yar nan, kiɗa kawai suke sakawa, babu mai magana. Ko juyin mulki aka yi a can?" Tambayar ba ta banza ba ce. Wanda ya rayu a zamanin soja ya san abin da kiɗa ba labarai yake nufi a rediyo.

Ni kaina na ji rashin. Shirin A Bari Ya Huce na ƙarshen mako shi ne abokin wankina da guga, ga labaran ban dariya ga waƙoƙi. Amma ina da waya, ina da data, cikin minti ɗaya na sami wani abin saurare. Inna kuwa ba ta karatun boko, wayarta ta kira ce kawai, wutar lantarki sai an ga dama. Abin da take da shi ƙaramin rediyo ne mai kama gajeren zango da batir biyu. Idan tasha ta tafi daga cikinsa, ta tafi ke nan.

Aikin jinya ya nuna mini nauyin wannan rashi. A ɗakin awo nakan yi bayani har muryata ta dushe: a shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6, a kwana cikin gidan sauro, a kawo yaro rigakafi, in gudawa ta kama shi a haɗa ruwan gishiri da sukari kafin a iso asibiti. Mace za ta gyaɗa kai, amma hukunci ba a hannunta yake ba, yana hannun miji da uwar miji. Sau da dama wadda ta dawo ta bi shawarar takan ce mini, "Malama, maigidan ne ya ji a rediyo." Maganar da na faɗa a asibiti ba ta tsallake zaure sai rediyo ya maimaita ta a gaban kowa, a majalisa da tsakar gida lokaci guda. Shirin Domin Iyali ma haka yake a da, yana taɓo cin zarafin mata da yara, batun da matan ƙauye ba su iya ɗagawa da bakinsu.

Gaskiya ne ba a rasa komai ba. BBC Hausa na nan tun 1957, da shirinta na Lafiya Zinariya, ga DW, ga RFI, ga Rima Radio ta Sakkwato. Sai dai sabo ba ya sauyawa da murɗa maɓalli. Inna ta san muryoyin can ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunayensu kamar 'ya'yan maƙwabta. Amana ce ta shekaru, kuma ita ce ke sa tsohuwa ta yarda a ɗiga wa jikanta maganin shan inna.

Da na je gida hutun ƙaramar Sallah, na zauna na nemo mata sauran tashoshin, na ɗiga jan farce a kan gilashin rediyon daidai inda kowace take. Na saya mata kwalin batir. Na kuma sa mata waƙoƙin Ɗankwairo da na Shata a katin waya, saboda tsakar gidan ya daina yin tsit da hantsi. Ta karɓa ta sa albarka, amma har yanzu in 9 da rabi ta yi sai ta murɗa wurin da ta saba, ko Allah zai sa.

'Yan uwa mata, mu da muke da intanet a tafin hannu muna saurin mantawa cewa iyayenmu da surukanmu ta ƙofa ɗaya labari ke shigo musu. Idan kin je gida, ki tambayi Hajiya wace tasha take ji yanzu, da ƙarfe nawa, kuma ko tana kamawa da kyau. Abin da ta ji a can shi za ta yanke hukunci da shi ranar da ɗanki ya kwana da zazzaɓi a hannunta.