Yini guda zuwa Tiga da yara

'Yar'uwa, in kin samu hutu, ki ɗauki shatar mota ku fita da yara. Mu daga Dawakin Kudu muka tashi da sassafe, da direba ɗan Rano. Muka ratsa gonakin shinkafar Bunkure kore shar, sai ga duwatsun Rurum kamar da hannu aka jera su. Shi ya nuna wa yarana cewa ruwan noman nan daga dam ɗin Tiga yake zuwa, wanda aka kammala a 1974.

Amma kada ki bari su tsoma ko ƙafa a ciki. A wurin aikina na jinya na sha ganin yara da fitsarin jini, tsargiya ce daga wankan irin wannan ruwa. Autana ya yi ta kuka, da rake muka lallashe shi.