Kwana huɗu babu shugaba

'Yan uwa masu digiri na biyu, ku zo ku ji abin kunya. Na ci jarrabawa a kan Raft, tsarin da Diego Ongaro da John Ousterhout suka fitar a 2014 don kwamfutoci su tsaya a kan magana ɗaya ko da wasu sun lalace. Na ɗauka na iya.

Na dawo gida Gadaka hutu, saura sati uku in nuna wa malamina aiki, sai na ce bari in rubuta shi da hannuna. Na tada sabar biyar a laftof. Ƙa'idar ita ce sai ɗaya ta samu ƙuri'a uku kafin ta shugabanci sauran. Wallahi kwana huɗu babu shugaba! Kowacce ta zaɓi kanta, ƙuri'a ta rabu, a sake, ga caji na ƙarewa.

Ashe ni na ba su lokacin jira iri ɗaya, shi ya sa suke fitowa takara tare. Takardar ta ce kowacce ta ɗauki nata da ka, misali tsakanin milisakan 150 da 300. Na haddace wannan fa, har na rubuta a jarrabawa, amma sai ranar na san amfaninsa.

Layi ɗaya na gyara, shugaba ya fito. Don Allah, kowa ya gwada nasa tun kafin ya tsaya gaban malamai.