Jini a fitsari ba alamar balaga ba ne

'Ya'yana, akwai maganar da dattawa ke jin nauyin yi, ni kuwa zan yi ta, domin kunyar nan ta ci mini abokai.

Muna yara, in yaro ya fara fitsarin jini bayan wankan kududdufi, sai a ce ya zama namiji. Alhali tsargiya ce. Tsutsarta na fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fata, ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara, su yi ta yi masa rauni shekara da shekaru. Tun 1851 likita Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira, a 1994 kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar tana jawo kansar mafitsara. Da Masar ta rage tsargiya, irin kansar da take haifarwa ita ma ta ja baya. Maganin tsargiya praziquantel ne, har makarantu ake kai shi kyauta. Kada ku hana yaranku sha.

Sai taba. Kowa huhu yake tunawa, amma gubarta na bin jini zuwa ƙoda, ta sauka mafitsara ta kwanta a can. Kusan rabin masu kansar mafitsara, taba ce sila. Wanda ya daina, haɗarinsa na raguwa, ko da ya daɗe yana sha.

Furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, lamarinsa daban. Tsufa da gado su ne kan gaba, kuma kansarsa ta fi kama baƙar fata. Babu ƙwayar da aka tabbatar za ka saya a kasuwa ta kare ka. An gwada bitamin E a kan maza fiye da 35,000 a Amurka da Kanada, sakamakon 2011 ya nuna haɗarin ƙaruwa ya yi da kashi 17 cikin ɗari. To ina ga kwalbar mai lasifika a bakin tasha? Ku dai rage tumbi, ku yi tafiyar ƙasa, domin ƙiba na tafiya da irin kansar mai tsanani.

Sau da yawa ciwon furostet kan fara shiru, ba zafi. Wanda ya kai shekara 45, musamman in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi fama da shi, ya tambayi likita batun gwajin jini na PSA. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa, ko sau ɗaya ne, don Allah ya je asibiti a makon nan.