Awa Ɗaya a Kan Ruwan Amstadam

Birnin Amstadam na ƙasar Holan a kan fadama aka gina shi. Sunansa ma daga wata madatsa ya fito, wadda masunta suka yi a kan kogin Amstel a ƙarni na 13. Da garin ya cika da jama'a da dukiya, sai a shekara ta 1613 aka soma haƙa manyan magudanan ruwa guda uku masu kewaye shi kamar rabin zobe, wato Herengracht da Keizersgracht da Prinsengracht. Yau in an haɗa tsawon magudanan birnin duka ya wuce kilomita 100, gadojinsa kuwa sun fi dubu. Saboda haka baƙo ba ya cewa ya ga garin sai ya shiga jirgin yawon kallo.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga zangon Kumasi, ya je can a 2023 wurin 'yarsa mai aikin jinya a unguwar Bijlmer, inda mutanen Gana suke da yawa. Shi dai ba ya son ruwa. Kakanninsa fatake ne daga ƙasar Kano, masu bin hanyar Gwanja neman goro da jakuna, ko kwalekwale ba su yarda da shi sai dole. Kwana uku 'yar tana lallashinsa. Abin da ya karya shi jikansa ne ɗan shekara 11, wanda ya ce, "Kaka, ashe tsoro kake ji?" To, namiji ba ya jin wannan daga bakin jika ya zauna.

A gaban babban tashar jirgin ƙasa suka shiga. Jirgin dogo ne, gajere, rufinsa na gilashi, an yi shi haka domin ya iya kutsawa ƙarƙashin gadoji. Aka ba kowa abin sa wa kunne, mai bayani yana magana da harsuna iri iri. Dattijo ya zaɓi Turanci, ya riƙe kujerar gabansa da hannu biyu.

Ba a daɗe ba mamaki ya kori tsoro. Ga gidaje dogaye sirara, kafaɗa da kafaɗa, waɗansu sun karkata sai ka ce tsofaffi a layin asibiti. Mai bayani ya ce ƙasar laka ce, don haka sai an kakkafa gumaguman itace har su taɓa yashi mai ƙarfi a can ƙasa, sa'an nan a ɗora gini. Fadar sarki da ke dandalin Dam tana zaune a kan gumagumai 13,659. A ƙwanƙolin kusan kowane gida akwai wani katako da ya leƙo waje da ƙugiya, domin matakalar ciki ta yi ƙunci, gado da kabad sai a ja su da igiya ta taga. Wannan ya ba shi dariya ƙwarai. Haka kuma da ya ji cewa kowace shekara ana tsamo dubban kekuna daga cikin ruwan, sai ya ce wa 'yarsa, "Ki ce musu su aiko mana da su." Ya tuna da matan arewacin Gana masu tafiyar safiya da yamma neman ruwa da rani, ga shi nan kuma mutanen da wajen kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasarsu yake ƙasa da teku, dare da rana suna faman fitar da ruwa. A 1953 teku ya ɓalle musu ya kashe mutum fiye da 1,800.

Suka wuce hasumiyar cocin Westerkerk, inda aka binne mai zane Rembrandt a 1669, da gidan da yarinyar nan Bayahudiya Anne Frank ta ɓuya da iyalinta daga 1942 zuwa 1944. Jirgi ya yi tsit a wurin.

A Herengracht ne abin ya sake. Nan manyan attajirai suka zauna, gidajensu sun fi faɗi, ƙofofinsu na sassaƙa. Aka nuna gida mai lamba 502, mazaunin magajin gari. Wanda aka gina wa shi tun farko, Paulus Godin, yana cikin shugabannin Kamfanin Indiya ta Yamma, kuma hannunsa dumu-dumu cikin cinikin bayi. Mai bayani ya faɗi wannan cikin 'yan kalmomi ya wuce zuwa ga kyan tagogi. Dattijo kuwa bai wuce ba.

Dalili shi ne, shekaru da yawa shi ne mai kai 'yan makaranta ganin ganuwar Elmina a bakin teku. Ya san tarihinta kamar tafin hannunsa: mutanen Fotugal suka gina ta a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, suka riƙe har 1872 sa'ad da suka bar wa Ingila. Ya san warin ɗakunan ƙasa inda aka tsare mutane, ya san ƙaramar ƙofar da take fuskantar teku, ya san kuma cewa a benen sama na wannan gini akwai ɗakin sujada inda masu tsaron suke waƙar Zabura. Jiragen Holan sun kwashi 'yan Afirka wajen 600,000 zuwa hayin teku. Sau nawa yara suka tambaye shi inda kuɗin ya tafi, yana amsawa da "Turai" kawai. To, ga Turai ɗin yau, da fenti da furanni a taga, taku kaɗan daga inda yake zaune.

Jikan ya ga fuskarsa ta canja. Ya ce a makaranta an gaya musu, kuma sarki da kansa ya roƙi gafara. Gaskiya ne. Magajiyar garin Amstadam ta roƙa a 2021, firayim minista a ƙarshen 2022, Sarki Willem-Alexander kuma ranar 1 ga Yuli, 2023, shekara 160 bayan dokar 'yanta bayi a Suriname. Yaron ya faɗi wannan da alfahari irin na ɗan gari, domin a nan aka haife shi, Holanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa.

Da dattijon mai son sauƙi ne, da nan maganar ta tsaya, laifi na Bature, gafara ta Bature. Amma malami ne na gaske. Ya cire abin kunnensa ya ce, "Ka taɓa jin sunan Salaga?" Yaro ya girgiza kai. Ya gaya masa cewa kasuwa ce a ƙasar Gwanja, can kakanninsu suke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro, kuma a wannan kasuwa ana sayar da mutane, akwai rijiyoyin da ake cewa a nan ake wanke su kafin a kai su ciniki, har yau suna nan. Fataken Hausa ba 'yan kallo ba ne kawai a wannan ciniki. Ko a gidansu na zango ya taso ya tarar da wata tsohuwa mai tsage a fuska irin na wata ƙabila dabam, ana kiranta gwaggo, ba mai faɗin inda ta fito.

'Yar ta ce, "Baba, a nan za ka yi masa wannan magana?" Ita atamfar Holan ce a jikinta, ta kamfanin Vlisco, wadda ta saya musamman domin zuwansa, ta kuma biya kuɗin jirgi don ya huta. Ya ce mata, "In ba a nan ba, a ina?"

Jirgi ya ratsa bakin Reguliersgracht, inda ake hango gadoji bakwai a jere, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Daga nan suka fita kogin Amstel, suka bi ta ƙarƙashin farar gadar katako da ake kira Magere Brug. Yaron bai ɗauki ko ɗaya ba, yana ta neman Salaga a taswirar wayar uwarsa. Da ya samo ta, ya ga tazarar da ke tsakaninta da teku, sai ya tambaya ko da ƙafa aka kawo su.

"Da ƙafa," in ji kakan. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa domin ya bar tabarau a gida, ya bi hanyar da ɗan yatsa, daga Salaga a ƙetare Volta zuwa Kumasi, daga Kumasi zuwa Assin Manso, sa'an nan Elmina.