Ruwa Ya Komo, Kududdufi Babu

Mu mutanen Katsina da tsoron fari muka tashi. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu kuwa sun ga farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya ƙone a tsaye, jama'a suka yi ta fita roƙon ruwa. A cikin shekarun nan na ƙamfar ruwa birni ya yi ta cika, aka bi kududdufai ana cike su da shara, ana ɗora gidaje bisansu. Wa zai bar fili domin ruwan da ba ya zuwa?

To, ga shi ya zo. A Yulin 2018, dare ɗaya, ruwa ya ci mutum fiye da 40 a Jibiya, maƙwabtanmu. A nan birni kuwa, kududdufin da muka raina, ashe shi ke shanye abin da indararo ya zubo. Da babu shi, sai ruwa ya nufi zaure. Ginin ƙasa, irin hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin 1922, yaɓe yake bukata kowane rani, ga magina masu sanin makuba sun yi ƙaranci.